Ƙarshen Kanal: Sharhi a Kan Sababbin Littattafan Zane na Sadaukai

Gonar mahaifina tana ƙarshen wani ƙaramin kanal ne a ƙasar Kura. Duk wanda ya san noman rani a wannan yanki ya san nauyin wannan magana: ruwa ba ya isowa gare mu sai na sama sun sha sun ƙoshi, sau da yawa kuma sai dare ya raba. A irin wannan zaman jira ne, ina bakin fangali da bututun zuƙo ruwa a gefena, na karanta yawancin littattafan da zan yi sharhi a kansu, a fuskar wayar hannu. Na faɗi haka tun da fari domin mai karatu ya san inda na tsaya nake hange, don kuwa hangen na ƙarshen kanal ba ɗaya yake da na wanda ke zaune a bakin ƙofar ruwa ba.

Littattafan da nake nufi su ne waɗanda ake ba da labari a cikinsu da zane, akwati bayan akwati, maganar taurari kuma a rubuce a saman kawunansu. Mafi yawansu labaran sadaukai ne masu ƙarfin da ya wuce na ɗan'adam, wasu kuma ƙagaggun labaran kimiyya ne. Zan tsaya a kan guda huɗu: Absolute Superman da Absolute Batman, waɗanda kamfanin DC na Amurka ya fara fitarwa a ƙarshen shekarar 2024, sai Malika na Roye Okupe, da LaGuardia na Nnedi Okorafor, waɗanda marubutansu jinin Nijeriya ne. Abin da na gano shi ne, littattafan nan sun koyi zana fuskar talaka da fuskar baƙar fata, abin da magabatansu ba su cika damuwa da shi ba. Amma kaɗan ne daga cikin shafukansu suka koyi zana hanyar da ƙarfi yake bi kafin ya iso hannun mai shi, da inda yake malala bayan ya bar hannun.

Kanal ne ya koya mini yin wannan tambaya. Ruwan da ke shiga fangalinmu a tsakiyar rani daga madatsar Tiga yake, wadda aka kammala a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo. Daga can babban kanal yake ɗauko shi, ba da inji ba, gangarar ƙasa ce kawai take tafiyar da shi, ya rarrabu zuwa ƙanana, ƙananan su rarrabu zuwa na bakin gona, a filayen Kura da Bunkure da Garun Malam, inda aka tsara kashin farko na aikin zai shayar da hekta 22,000. A kowace mararraba akwai ƙofa, kowace ƙofa kuma akwai mai riƙe da makullinta. Yaron da ya tashi a nan ba ya buƙatar a gaya masa cewa ƙarfi yana da mafari, yana da hanya, yana da mai tsaron ƙofa, yana kuma da wanda ke can ƙarshe yana jiran ragowa. Malamanmu na adabi sun koya mana neman jigon littafi. Mu kuwa kakanninmu da jigo suke ɗebo ruwa daga rafi su shayar da lambu kafin zuwan madatsa, saboda haka ban ga laifi ba idan na auna jigon adabi da ma'aunin ban-ruwa.

Kafin in shiga littattafan, akwai wata magana da nake yawan ji, wai labarin sadauki mai tashi sama baƙon abu ne ga Bahaushe, shirmen Turawa ne kawai. Ba ta da ƙwari. Gandoki na Bello Kagara, wanda ya fito daga gasar rubutu ta 1933, ya yi yaƙi da Nasara ya kuma shiga duniyar aljannu. Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa gurgu ne da aka warkar aka ba shi ƙarfin da babu irinsa, asalin labarinsa ma daga ƙasar Rasha yake, amma ya zauna daram a bakin Hausa. A 1969, shekarar da ɗan'adam ya taka wata, Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya, inda wani halitta daga sararin samaniya ya ɗauki yaro Bahaushe ya tafi yawo da shi. Abin lura a labaranmu na gargajiya shi ne, ƙarfi ba ya zuwa haka kawai. Ɗan tauri yana da maganinsa, maganin yana da wanda ya haɗa shi, yana da sharaɗi, yana kuma da makari. Ke nan Bahaushe ba baƙo ba ne a wannan fage, yana ma da tambayar da ya saba yi wa kowane mai ƙarfi: wa ya ba ka, kuma da wane sharaɗi?

Absolute Superman, wanda Jason Aaron ya rubuta, Rafa Sandoval ya zana, shi ne ya fi kusa da amsa wannan tambaya, shi ne kuma ya fi ba ni haushi, domin ya san hanya ya kauce mata. A tsohon labarin da aka fara a 1938, jariri aka cillo daga duniyar Kirifton kafin ta tarwatse, saboda haka bai san komai game da ita ba. A wannan sabon zubi kuwa, yaron ya yi wayo a can. Ya ga mahaifinsa yana aikin ma'adinai, ya zauna a gonar gidansu a yankin jar ƙasa, ya kuma ga yadda aka kasa al'umma gida-gida: malaman kimiyya a sama suna mulki, 'yan ƙwadago a ƙasa suna haƙa da noma. Alamar nan da ke ƙirjin Superman, wadda aka daɗe ana nuna ta a matsayin tambarin gidan daraja, marubucin ya mayar da ita shaidar da ake liƙa wa 'yan ƙwadago don a san matsayinsu. Wannan juyi guda ɗaya ya fi dukkan faɗace-faɗacen littafin daraja. Haka kuma rugujewar Kirifton ba ƙaddara ce da ta faɗo daga sama ba: an yi ta haƙar cikin duniyar har ta rube, an yi gargaɗi masu mulki sun toshe kunne, a ɓoye kuma suna tanadar wa kansu jiragen tsira. A waɗannan shafuka ana ganin mafari, ana ganin ƙofa, ana ganin na ƙarshen kanal. Zanen Sandoval ma ya taimaka. Jar ƙasar gonar da ƙurar da take tashi sun tuna mini hanyar Bunkure a watan hazo, mayafin sadaukin kansa kuma kamar guguwar jar ƙura yake, ba kamar ƙyallen sarauta ba.

Da labarin ya sauko duniyarmu sai ido ya sauya. Fitowa ta ɗaya ta kai mu wata mahaƙa a Barazil, inda wani kamfani mai suna Lazarus yake tatsar ma'aikata da dakarunsa masu bindiga. Superman ya bayyana, ya watsa dakarun, shafuka suka cika da wuta. Zane ne mai kyau, ban musa ba. Amma masu haƙar fa? Taro ne na fuskoki masu ɗaga kai suna kallon sama. Mai karatu ba ya zama da su su yi shawara, ba ya ganin yadda suke raba abinci ko yadda suke saɓani a kan a yi yajin aiki ko a haƙura. Adalci ne in ce marubucin bai ɓoye cewa jarumtar tana da ɗaci ba, domin a fitowar da suka biyo baya an nuna ɗaya daga cikin dakarun kamfanin ya huce takaicinsa a kan talakawan da ba su ji ba su gani ba. Sai dai ko a nan, mutuwarsu ta zama makamashin fushin sadaukin ne. An kashe su domin shi ya ji ciwo.

Na taɓa ganin abin da ke biyo bayan jarumtar mutum ɗaya. Wata shekara ruwa ya yi kwanaki bai iso layinmu ba, albasa ta fara kwanciya. Wani saurayi daga cikinmu, mai zuciya da ƙarfi, ya tafi cikin dare ya ɓalle makullin ƙofa. Ruwa ya zo kuwa, har ya fi ƙarfin bakin kanal, ya fasa shi, ya wanke irin tumatir na maƙwabci biyu. Aka rufe layin gaba ɗaya don gyara, muka koma jiran da ya fi na farko tsawo. Abin da ya warware matsalar daga baya ba shi da daɗin zanawa: zama ne na ƙungiyar masu amfani da ruwa, da musu har la'asar, da karo-karon kuɗi, da gayyar yashe kanal, inda mutum sittin ko fiye suka shiga taɓo har gwiwa da lauje da shebur. Hausawa sun ce sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Littafin Aaron ya yarda da wannan karin magana a Kirifton, ya manta da ita a Barazil.

Absolute Batman na Scott Snyder da Nick Dragotta ba zan daɗe a kansa ba. An cire wa Bruce Wayne dukiyar gado, an mayar da shi ɗan malamin makaranta, injiniyan birni wanda ya yi aiki a sassa daban-daban har ya san hanyoyin wuta da magudanan garin kamar tafin hannunsa. Da na karanta wannan sai na gyara zama, na ce yau ga sadaukin da ya san kwalbati. Amma wannan ilimi 'yan akwatuna kaɗan aka ba shi, sauran littafin ya tafi wajen faɗin kafaɗunsa da ƙaton gatarin da yake cirowa daga ƙirji. Dragotta gwani ne wajen cusa ƙananan akwatuna masu yawa a shafi ɗaya har numfashin mai karatu ya riƙa sarƙewa, ina kuma jin daɗin hakan. Talaucin tauraron dai riga ce aka sa masa. Jikin da ke ciki na dā ne.

Malika ya fi kusa da gida, saboda haka na fi tsananta masa. Roye Okupe, haifaffen Legas, ya fitar da shi a 2017 ƙarƙashin kamfaninsa YouNeek, Chima Kalu ya yi zanen, daga baya kamfanin Dark Horse na Amurka ya sake buga shi a 2021. Labarin sarauniya ce mayaƙiya a Afirka ta Yamma a ƙarni na 15, mai mulkin daular Azzaz, wadda take fama da 'yan tawaye a gida da rundunar daular Ming ta ƙasar Sin daga waje. Ba sai an yi dogon bincike ba kafin a ji Zazzau a cikin Azzaz, marubucin ma bai ɓoye cewa Sarauniya Amina ce madubinsa ba. Ranar da na nuna wa ƙanwata shafin da Malika take kan doki da takobi a zare, ta karɓe wayar ba ta dawo da ita ba sai da caji ya ƙare. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma duk sukar da zan yi ba za ta rage shi ba. Haka nan littafin ya yi ƙoƙari wajen nuna cewa mulki ba fagen fama ba ne kawai, akwai majalisa, akwai munafurcin fada, akwai lardunan da ba su gamsu da haɗuwar ba.

To amma me Bahaushe ya riƙe game da Amina? Kundin tarihin Kano ya ambaci yaƙe-yaƙenta da dandaƙaƙƙun bayi da goro da Sarkin Nupe ya aiko mata, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ma ya ambace ta a Infaƙul Maisuri. Sai dai abin da ya zauna a bakin talaka shi ne ganuwa. Har yau idan aka ga tsohuwar ganuwa a wani kufai sai a ce ganuwar Amina ce. Ganuwa kuwa ba takobi ke gina ta ba. Dubban mutane ne suke haƙa ƙasa, mata suna ɗebo ruwa, ana kwaɓa, ana ɗorawa, wasu bisa son rai wasu bisa tilas, kuma bayan kowace damina sai an koma an yi yaɓe. Ita ce kanal ɗin wancan zamani. Okupe ya ɗauki takobin Amina, har ya ƙara masa sihirin dodanni, ya bar ganuwarta a baya. Ina iya fahimtar dalili, takobi ya fi saurin sayuwa a kasuwar Amurka. Amma sakamakon shi ne Azzaz ta zama daula mai fada da fagen yaƙi, wadda ba na jin ƙamshin gero ko na marina a cikinta. Dawakin rundunarta wa yake noma musu dawa? Da an sauya sunayen mutane da tufafinsu, da yawa daga cikin shafukan za su iya zama na kowace daular tatsuniya a kowace nahiya.

LaGuardia dabam yake, domin babu sadauki a cikinsa sam. Nnedi Okorafor ta rubuta, Tana Ford ta zana, ya fito kashi huɗu daga ƙarshen 2018, ya kuma ci kyaututtukan Hugo da Eisner a 2020. A duniyar littafin, baƙi daga wasu taurari sun sauka sun zauna tare da mutane, Nijeriya ce kuma ta karɓe su hannu bibbiyu ta ci moriyarsu, yayin da Amurka take kafa musu dokar hana shiga. Wata likita mai juna biyu, Future Nwafor Chukwuebuka, ta baro Legas zuwa Nuyok, ta ɓoye wani baƙo a kayanta ta wuce da shi ta gaban jami'an filin jirgi. Baƙon nan tsiro ne, mai magana da hankali, mai neman mafaka. A nan ƙarfi yana hannun mai duba fasfo, mai buɗe ƙofa da rufe ta, shafukan layin filin jirgi kuma, inda ake ware wasu gefe ana bincikarsu, su ne mafi gaskiyar abin da na gani a littattafan nan huɗu. Marubuciyar ta san jira. Ta kuma yi jarumtar shigo da masu fafitikar Biyafara cikin labarin, ta nuna cewa wanda ake ƙyama a wani wuri yana iya zama mai ƙyamar baƙo a gidansa.

Duk da haka akwai inda manomi zai yi tsaki. A 2016 wani ɗan ƙwaro da masana ke kira Tuta absoluta, manomanmu kuma suka sa masa suna sharon, ya faɗa wa tumatir a Kano da Kaduna da maƙwabtansu. Asalinsa Kudancin Amurka ne, ya ɓulla a Sifen a 2006, ya ratso har ya iso mu. Tsutsarsa takan shige cikin ganye ta ci daga ciki, inda feshi ba ya kai mata sosai. Gonaki suka ƙone kamar an sa musu wuta, kasuwar Kwanar Gafan ta yi tsit, masana'antar tumatir ta Dangote da ke Kadawa, wadda ba ta daɗe da buɗewa ba, ta dakata saboda babu abin sarrafawa. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Wanda ya ga wannan ba zai iya kallon mace tana satar shigar da baƙon tsiro wata ƙasa ya yi tafi kawai ba. Littafin ya zana tsoron masu tsaron iyaka a matsayin jahilci da ƙiyayya zalla, kuma game da ɗan'adam mai neman mafaka ina tare da shi ɗari bisa ɗari. Amma da ta zaɓi tsiro ya zama misalin baƙo, ta ɗauko misalin da ya fi hujjarta faɗi. Tumatirin da muke kuka a kansa shi ma baƙo ne daga nahiyar Amurka, haka masara, haka rogo. Baƙo ne ya ciyar da mu, baƙo ne kuma ya cinye gonar. Da littafin ya riƙe waɗannan biyun a hannu ɗaya, da ya fi haka tsoratarwa, da kuma karamcin da yake kira a yi ya fi tsada, domin karamci ne da aka yi da sanin haɗari.

Ba zan fitar da kaina daga wannan ma'auni ba. Na buɗe da cewa mu na ƙarshen kanal ne, amma wannan rabin gaskiya ce. Ruwan da Tiga ta tare, da wanda madatsar Challawa ta ƙara tarewa daga 1992, a dā ambaliya yake yi duk shekara ya cika fadamun Haɗeja da Nguru, inda masunta da makiyaya da manoman shinkafa suke rayuwa a kansa. Da aka daidaita gudunsa, ambaliyar ta ragu, ruwan da ke tafiya rani da damina kuma ya ba ciyawar kachala damar toshe hanyoyin kogi a can. Ga mutumin Nguru, ni ne na bakin ƙofa. Shinkafar da ta sa injinan casa na Kura suke ruri dare da rana tana da wanda ya biya wani kaso na kuɗinta ba tare da an tambaye shi ba. Wannan shi ne irin labarin da ƙagaggen labarin kimiyya ya dace da shi fiye da kowane nau'in adabi: babu mugu mai ƙaho, akwai injiniyoyi masu kyakkyawar niyya, da manoma masu gaskiya a sama, da masunta masu gaskiya a ƙasa, da ruwan da bai isa kowa ba. Ban same shi a littattafan nan ba, sai ɓurɓushinsa a jar ƙasar Kirifton.

Kada a ce sigar littafin zane ce ba za ta iya ɗaukar irin wannan ba. Shafin littafin zane kamar gonar rani yake: an yanka shi fangali-fangali, idon mai karatu yana bi kamar ruwa, ya cika wannan ya tsallaka kunya ya shiga na gaba, mai zane kuma shi ke buɗewa da toshewa. Babu wata siga da ta fi ta iya nuna abu biyu a lokaci ɗaya, a ce saman shafi hannu ne yana murɗa ƙofa a Tiga, ƙasan shafi kuma kwalekwale ne a kan busasshen taɓo. Abin da ya hana shi ne kasuwa da harshe. Dukkan littattafan nan da Turanci suke, fitowa ɗaya ta Absolute Superman kuma kusan dala 5 ce, wato fiye da naira 7,000 a canjin ƙarshen 2024, kuɗin da ya fi ladan yinin ɗan ƙwadago a gona. Ba a rubuta su don mu ba; leƙe muke yi ta katanga.

Daren da na gama fitowa ta ɗaya ta Absolute Superman, ƙanena da ya zo taya ni jira ya tambaye ni ko wannan mutum zai iya share mana kachalar da ta cushe kanal. Na ce masa kafin a kira sallar asuba zai gama da ita tun daga Tiga har bakin gonarmu. Ya yi shiru yana kallon ruwan da ya fara tsartuwa cikin fangali na farko, sannan ya tuna mini abin da na sani na manta: kachala daga saiwa take tohowa, kuma ko an yanke ta ƙasa-ƙasa, kafin a cire albasa ta dawo.